Kiristan Zango: A Tsakar Gida Ake Auna Shi

Akwai wata irin shaida da ta zama ruwan dare a wasu majami'un birnin Akra, kuma lokaci ya yi da za a tanka mata. Ranar Lahadi mutum zai miƙe, a ba shi makirfo, ya ce shekara goma sha biyar ya yi a ɗaki ɗaya a Nima ko Mamobi yana bin layin bayan gida da asuba, sai ya zo wurin bawan Allah, ya shuka iri, aka shafa masa mai, yau ga shi a Spintex ko Adenta cikin gida mai katanga da ƙofar ƙarfe. Ganguna su tashi, mata su rangaɗa guɗa. Ba mu yi masa hassada ba. Wanda Allah Ya buɗa wa, Allah Ya ƙara masa. Abin da muke ja da shi shi ne karatun da aka ɓoye a ƙarƙashin shaidar, wato Zango ita ce Masar ta Fir'auna, fita daga cikinta shi ne ceto, wanda kuwa ya rage a ciki bangaskiyarsa ce ba ta nuna ba. Mu Kiristocin da aka haifa a waɗannan lunguna, muke ciniki da Hausa, muke faɗa da Hausa, muke sulhu da Hausa, mun ce wannan karatu ƙarya ne, kuma ya fara ɓata mana zama da mutanen da muka gada zama da su.

Mai karatu na Kano ko Maraɗi zai iya mamakin jin cewa akwai Kirista a Zango, domin a kunnensa Zango da Musulunci abu ɗaya ne. To, akwai mu, kuma ba jiya muka zo ba. Nima ta kafu ne bayan Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya sami wurin zama daga mutanen Ga masu ƙasar. Daga nan ta zama masaukin duk wanda ya gangaro daga arewa neman abin kai wa baka. Cikin masu gangarowar akwai Farafara da Dagarti da Kasena da Bulsa da Kusasi, waɗanda limaman mishan na Katolika suka riga suka shiga ƙasashensu, Navrongo a 1906, Jirapa a 1929. Sun zo gadi, sun zo leburanci, sun zo aikin soja da na ɗan sanda, sun zo dafa abinci a gidajen Turawa na Cantonments da Ridge. Kiristocin kudu, waɗanda mishan ɗin Basel ya sauka a gaɓarsu tun 1828, ba kowanensu ya ga ɗan'uwa a jikin baƙon nan mai tsagar fuska ba. Sunayen raini da aka riƙa kiran mutumin arewa da su har yau ba su mutu ba. Wanda ya shimfiɗa wa kakanninmu tabarma a zaure, ya ba su ɗaki bashi har su kama aiki, sau da yawa maigida ne Musulmi. Wanda bai san wannan ba, bai kamata ya hau mumbari ya gaya mana ko su waye maƙiyanmu ba.

Babbar majami'ar Katolika ta Nima sunan Kizito take ɗauke da shi. Kizito yaro ne ɗan shekara 14, mafi ƙanƙanta cikin shahidan Uganda, wanda aka ƙone a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886 bisa umarnin sarki Mwanga. Bai mallaki gida ba, bai hau mota ba, bai ko kai ga aure ba. Idan ma'aunin masu shuka iri daidai ne, to Kizito ya yi asara, haka ma kusan dukan manzanni. Sai su fito fili su faɗa, mu ji.

Ƙidayar 2021 ta ce kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana Kiristoci ne, Musulmi kuwa kusan kashi 20. A lungunanmu lissafin a kife yake. Kiristan Nima yana fita bakin titi ya hau tirotiro ya zama mai rinjaye, ya dawo gida da yamma ya zama tsiraru. Ba mu san wata makarantar tauhidi da za ta koya wa mutum abin da wannan kai-komo yake koya masa kyauta ba, in dai yana da idon gani.

Mu shiga gidan haya, tunda a nan maganar take. Ɗakuna goma sha biyu ko ashirin sun kewaye tsakar gida ɗaya, da igiyar shanya ɗaya, da mitar wuta ɗaya, da famfo ɗaya idan an yi sa'a. A irin wannan gida ba a ɓoye hali. Kowa ya san wanda ke dukan matarsa, da wadda ke zuba ruwan wanki a ƙofar maƙwabciya, da wanda ke shigowa cikin maye. Idan kuɗin wuta ya ƙare sai a zauna a ƙirga ƙwan lantarki da fanka da firiji na kowane ɗaki, a raba nauyin. To, ga ɗan'uwa nan da ke jagorantar waƙa a coci, muryarsa kamar ta tsaga rufi, amma ya tura dutsen guga da tukunyar lantarki ƙarƙashin gado, ya rantse ƙwai biyu kawai gare shi. Yana tsammani ba a sani ba. Hajiya mai gidan ta sani, yaran gidan sun sani, domin ranar Lahadi rigarsa ta fi ta kowa guga. Ba wanda zai ce masa uffan. Amma ranar da ya tsaya zai yi wa wani saurayin gidan maganar Yesu Almasihu, abin da saurayin zai tuna shi ne dutsen gugar. Wa'azin ya mutu tun kafin a buɗe baki, kuma ba shaiɗan ne ya kashe shi ba.

A gidan nan dai akwai wata baiwar Allah da ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa riƙe makirfo ba. Idan famfo ya kawo ruwa ƙarfe biyu na dare, bayan ta cika jarkokinta, waɗannan masu ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor, sai ta ɗauko na tsohon Malamin da gwiwa ta hana shi tashi ta cika masa, ta jera a ƙofarsa, ta koma ta kwanta. Ranar da sharar tsakar gida ta faɗo kan mai jego, ita ce za ta ɗauki tsintsiya ba tare da an roƙe ta ba. Ita ake ba ajiyar kuɗin adashi, Musulmi da Kirista, saboda ba a taɓa ƙirgawa an ga sidi ɗaya ya yi ƙafa ba. Kowane lungu na Mamobi yana da irinta, mai karatu na can ya riga ya sa mata suna a zuciyarsa. Shekara talatin tana ɗaki ɗaya. A lissafin masu shafa mai, ba ta sami buɗi ba, akwai tsinuwar kakanni a kanta da sai an karya. Mu kuwa muna cewa in ana neman Kiristanci a Nima, ƙofarta za a ƙwanƙwasa.

Yesu da kansa, a misalin da Luka ya rubuta a sura ta 10, da aka tambaye shi waye maƙwabci, bai zaɓi firist ko Balawi ya zama gwarzon labarin ba. Ya zaɓi Basamariye, mutumin da masu sauraronsa suke ɗauka addininsa gurɓatacce ne. Duk yaron da ya yi makarantar Lahadi ya san labarin. Abin mamaki shi ne yadda za a haddace shi, sannan a zauna gaban mai kiran kansa annabi yana lumshe ido yana cewa ya hango maƙiyinka a cikin gidanku, mace ce, tana tashi da asuba, tana ba ka abinci. A gidan haya na Zango wace mace ce ba ta tashi da asuba? Wace ce ba ta miƙa wa maƙwabci kwano? Mai sauraro zai koma gida da idon zargi, ya daina amsa gaisuwar matar da ta goya masa 'ya'ya, ya zubar da kokon da ta aiko a kwata, ya yayyafa mai a dokin ƙofa tana kallo. Annabin ya karɓi kuɗin ganawa ya shige motarsa. Gidan kuwa ya dagule na shekaru. A Disambar 2021 rundunar 'yan sandan Gana ta ja kunnen masu annabce-annabcen mutuwa da bala'i na daren ƙarshen shekara, aka yi ta cece-kuce a rediyo. Waɗancan manyan mutane ake yi wa annabcin, suna da masu gadi da lauyoyi. Ƙananan annabce-annabcen da ke raba ɗaki da ɗaki a Mamobi ba wanda ke kai su rediyo, alhali sun fi ɓarna.

Daga tushen nan ne maganar naman layya ta fito. Ranar Babbar Sallah yaro zai shigo da sallama, da kwano a rufe, ya ce Baba ya ce a kawo. Iyayenmu suna karɓa da hannu biyu, su sa albarka, ranar Kirsimeti su mayar da kwanon da shinkafa da kazar da suka kai wa Malam ya yanka, domin kowa a gidan ya iya ci. Wannan ladabi ne da ba a rubuta a littafi ba, mutane ne suka ƙera shi da hankalinsu. Yanzu an sami masu koyar da cewa naman nan yankan gumaka ne, wanda ya ci ya ƙulla alkawari da aljanu. Da fari dai, kiran Musulmi mai bautar gunki jahilci ne, ko mai adawa da Musulunci in yana da gaskiya ba zai faɗa ba. Na biyu, manzo Bulus ya tattauna batun nama da gayyatar wanda ba Kirista ba a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, daga sura ta 8 zuwa ta 10, a garin da gumakan gaske suke tsaye a kasuwa, kuma bai umarci kowa ya kunyata mai gayyatarsa ba. Wanda lamirinsa bai ba shi ya ci ba, ba mu tilasta masa. Ya karɓa da godiya ya ba mabukaci. Amma a mayar da yaro da kwanonsa a gaban jama'a, a kira wannan tsarki? Girman kai ne aka sa masa rigar coci.

Sai maganar lasifika. Aji ɗaya na makaranta, ko shago da aka rushe bangonsa, mutum ashirin a ciki, amma akwatunan sauti huɗu an juya bakinsu waje, addu'ar dare daga ƙarfe goma har asuba. Bayan bangon akwai mai gadi da zai kama aiki, da mai waakye da za ta hura wuta ƙarfe uku, da ɗalibi mai jarrabawa, da jariri mai zazzaɓi. Da an yi magana amsa ɗaya ce: ai su ma suna kiran salla da lasifika. Gaskiya ne suna yi, wani lokaci ma wa'azin dare na wasu masallatai yakan wuce kima, kuma su kansu Musulmi suna ƙorafi a kai. Amma yaushe laifin wani ya zama lasisin Kirista? Kuma yaushe aka fara gasar hana barci da sunan Allah? Kowace shekara kafin bikin Homowo sarakunan Ga suna hana kiɗa da hayaniya na wata guda. An sha rikici a kan wannan doka a baya, amma yau yawancin majami'u suna bi, ana sujada ba ganga ba lasifikar waje, kuma ba mu ji an ce Ubangiji Ya daina jin addu'ar Akra a watan ba. Abin da ake iya yi don tsoron a ƙwace kayan kiɗa, ana iya yinsa don tausayin jaririn maƙwabta.

A wajen kuɗi kuwa abin ya fi ciwo. Ana koya wa talaka cewa kafin ya biya mai koko bashin wata biyu, kafin ya biya kuɗin makarantar yaro, ya fara kai iri gaban mumbari, Allah zai ninka. Mai koko ba a tambaye ta ba ko ta yarda a shuka kuɗinta. Ba mu hana baiko ba, ba mu hana zakka ba, coci ba ta tafiya da iska. Amma baikon da aka yi da haƙƙin wani ba baiko ba ne. Haka 'yar kasuwar da ke bubbuga gindin olonka ya shige ciki ranar Laraba a kasuwar Nima, ta auna wa mutane gari da wake a tauye, sannan ranar Lahadi ta yi rawa zuwa kwandon baiko da kuɗin tauyen. Haka dattijon ikilisiya mai gidajen haya da ke neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ta tsaya a wata shida. Zai ce kowa haka yake yi. Kowa ɗin ne ya yi masa baftisma?

Ƙasar nan ta ga ƙarshen addinin gini da suna. An rushe gidaje a Ridge don a gina babbar majami'ar ƙasa, aka kashe kimanin dala miliyan 58 na kuɗin jama'a, abin da ido ya gani a wurin rami ne. Har Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ba da gudummawar sidi 50,000 a 2021, karamcin da ya isa ya sa mai kunya sunkuyar da kai. Tafiyar 'yan mintoci daga ramin ga babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi, cike da leda da robobi da abin da baki ba ya so ya ambata. Ruwanta Odaw yake faɗawa, Odaw kuwa ita ce ta tumbatsa ranar 3 ga Yuni, 2015, daren da ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe fiye da mutum 150 a shataletalen Kwame Nkrumah. Shekarar da ta gabata, 2014, kwalara ta kashe fiye da mutum 200 a ƙasar, Akra ce kan gaba. Gina magudanan ruwa aikin hukuma ne, kuma ba mu yafe mata ba. Amma bokitin sharar da ake juyewa cikin kwata da zarar hadari ya haɗo, hannun mutum ne ke juye shi, kuma wasu hannuwan su ne ake ɗagawa sama ranar Lahadi. Ikilisiyar da za ta iya tara matasa ɗari su kwana suna ɗaure aljanin talauci, za ta iya tara su da shebur da baro safiyar Asabar. Ta farkon ta fi daɗin ɗauka a waya, shi ya sa.

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Ba mu kira a narkar da addini a zama ruwa-ruwa don a zauna lafiya. Mun gaskata an gicciye Almasihu ya kuma tashi, maƙwabcinmu bai gaskata ba, kuma ba wata walima da za ta share wannan bambanci. Kiristan da ke ɓoye sunansa na baftisma don ciniki, ko ya saɓa Littafi Mai Tsarki cikin leda kamar kayan sata idan zai ratsa lungu, shi ma ya kauce, ta ɗaya gefen. Ranar Ista ta 2019, lokacin da Sheikh Sharubutu, yana cika shekara ɗari, ya shiga majami'ar Christ the King ya zauna, Fada Andrew Campbell bai fasa wa'azin tashin Almasihu ba, Limam kuma bai fita a Kirista ba. Kowa ya riƙe nasa, aka gaisa, aka rabu da mutunci. Kuma ba banza ba ne aka zaɓi wannan majami'a: Fada Campbell mutum ne da Akra ta sani da hidimar kutare shekara da shekaru, irin aikin da ba ya buƙatar tafinta.

Amma mai neman a mutunta shi inda yake tsiraru, sai a duba yadda yake yi inda yake da rinjaye. A azumin 2021 makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma yin azumi, hukumar ilimi ta ce a bar ta, cocin Metodis ta ce ba ta yarda ba. Da yawa cikin Kiristocin da ba su taɓa kwana a Zango ba sun tafa, suka ce makarantarmu ce, dokarmu ce. Kiristan Nima ba shi da damar tafawa, domin ya san ɗanɗanon wannan magana idan aka juyo masa ita: gidanmu ne, unguwarmu ce. Ya san yadda 'yarsa take dawowa da hawaye saboda yaran lungu sun kira ta kafira ko arniya, kalmar da ba su ƙirƙira ba, a bakin manya suka tsince ta. Ya san mai gidan da ke cewa ba ya ba Kirista haya, da dangin da ke yanke wa ɗansu gaisuwa har abada saboda ya shiga coci. Wannan muna faɗa wa 'yan'uwanmu Musulmi ne kai tsaye, ba da gaba ba, domin wanda kuka sha ruwan famfo ɗaya da shi ya cancanci a gaya masa gaskiya a fuska. Sai dai bakin da ya yi shiru ranar da aka hana 'yar Alhaji azumi, da wace murya zai yi kuka ranar da aka zagi tasa?

Ko a mutuwa akwai abin dubawa. Musulmi ya rasu da safe, kafin la'asar an sallace shi an kai shi makwanci, kuma Kiristan gidan na cikin masu jera benci da ɗebo ruwa, haka muka taso muka gani. Namu kuwa sai a ajiye gawa a ɗakin sanyi wata biyu ko uku ana biyan kuɗi kullum, a buga hotuna manya a manna a bango, a ɗinka anko, a yi hayar rumfuna da makaɗa, a ci bashin da gwauruwa za ta shekara biyu tana biya. Tsohon da ake yi wa wannan shagali, sau da yawa yana kwance a ɗakinsa wata shida ba wanda ya saya masa magani sai matar nan mai cika jarkoki da Hajiya mai gida. Ba wata aya da ta wajabta akwatin gawa mai tsada. Dattawan ikilisiyoyin Nima da Mamobi suna da ikon su zauna su sa iyaka, kwana nawa gawa za ta yi, nawa za a kashe, sauran gudummawar kuma a ba marayu a hannu a gaban shaidu. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke taruwa a harabar coci bayan sujada sun riga suna da littafin gudummawa da ma'aji. Abin da ya rage shi ne a buɗe littafin tun mutum yana numfashi, a kai shi asibitin Mamobi tun ciwon bai kwantar da shi ba.